Ummu Shahat da Gurasar Dawa

Har yau idan na ji wata mace a ƙauyenmu ta buɗe baki tana cewa ai dama ta san Ummu Shahat za ta miƙe, sai in ji raina ya ɓaci. Ƙarya ce tsagwaronta. Babu wadda ta sani. Sun gama yi mata makoki tana raye, wasu ma har sun fara ƙyasa tukwanenta. Ni Wafiyya katanga ɗaya ce tsakanina da ita tun ranar da aka kawo ni garin nan amarya, kuma abin da idona ya gani shi zan faɗa. Wadda ta ji haushi ta san ƙofar gidana.

Sunanta na yanka Insaf, amma tunda ta haifi Shahat babu mai kiranta da shi. Shi kaɗai ya rayu cikin abin da ta haifa. Mijinta Abul-Wafa ya rasu yaron bai gama firamare ba, ya bar mata gida mai ɗaki biyu, da tattabaru a saman soro, da tanderun ƙasa a tsakar gida. Da wannan tanderun ta raini ɗanta. Duk gidan da ake biki ko zaman makoki a ƙauyen nan, ita ake aikawa a kira ta zauna bakin wuta. Gurasar rana ita ce aikinta, wadda ake jera kwaɓinta a kan faifan katako a bar ta ta kumbura a rana kafin a jefa ta tanderu. Tata takan fito da ɓawo ja, cikinta fari sol, ka matsa ta koma yadda take. Mata na kawo 'ya'yansu su zauna gefenta su koya, ita kuma tana zaginsu tana nuna musu.

Ciwon a hankali ya shigo ta. Ciki ya fara: kumburi, murɗawa, abinci ba ya zama. Sai rama. Daga baya yatsunta suka fara kumbura, ta tashi da safe hannuwan a sandare kamar na wani aka ɗaura mata, sai rana ta ɗaga kafin su saki. Gwiwoyi suka biyo baya. Ranar da na leƙa ta katanga na ga ta kasa ɗaure ɗankwalinta, ta kama bakinsa da haƙori tana ja, ranar na san abin ya wuce wasa.

Kowa ya zama likita. Wasu suka ce kambun baka ne, wasu suka ce zafin tanderu ne ya dafa mata ƙashi. Hajja Fauƙiyya, yayar marigayi mijinta, mace mai jiki da murya, ta yanke hukunci cewa yunwa ce kawai. Kullum sai ta aiko mata da kwano cike da gurasa jiƙe da romo da man shanu, ta zo ta tsaya a kanta sai ta cinye. Matar na ci, tana ƙara lalacewa.

Shahat a Alƙahira yake aikin wutar lantarki. Ya zo ya ga uwarsa, ya shiga ɗakin tattabaru ya yi kukansa, washegari ya ɗauke ta zuwa Suhaj wajen likita. Ni na raka su, don ni ce na yi sakandare a layinmu, kuma ni ba na jin kunyar tambaya. Likitar yarinya ce, ba ta kai sa'ar Shahat ba. Bayan gwaje-gwaje da komawa da dawowa, ta zaunar da mu ta ce jikin Ummu Shahat faɗa yake yi da alkama, duk lomar da ta ci hanjinta take ƙonawa, ga kuma kumburin gaɓoɓi a kai. Ta ba da magani. Ta ce na ɗan lokaci a janye madara, da ƙwai, da sukari, da tumatir, daga baya a dawo da su ɗaya bayan ɗaya a ga wanda ke tayar mata da ciwon. Alkama da sha'ir kuwa, ta ce, ko ƙurarsu, har abada.

Ummu Shahat ta dube ta sama da ƙasa.

"'Yata, to in ci me? Kujerar nan?"

Likitar ta yi dariya ta ce akwai dawa, akwai shinkafa, akwai masara, akwai wake. A garinmu gurasa ita ce abinci, saura duk rakiya suke mata. Da ita ake ɗiban miya, da ita ake rantsuwa, idan guntunta ya faɗi ƙasa a ɗauka a sumbata. An ce wa macen da ta ƙare ƙuruciyarta a bakin tanderu cewa abin da take gasawa shi ke kashe ta.

Kafin Shahat ya koma ya faɗi tasa. Ya ce shi ba zai zauna a can yana jiran a kira shi a ce an tsinci uwarsa a ƙasa ba. Idan Babbar Sallah ta zo bai ga ta iya hura wutarta da sa rigarta da kanta ba, zai zo da mota ya kwashe ta, ya sa kwaɗo a gidan. Na ce masa bai da kunya, ya ce in faɗi duk abin da zan faɗa. Ni na san gidansa. Can saman bene ne, taga ɗaya, tana kallon bangon wani. Babu tattabara, babu maƙwabciya, babu hanyar zuwa kabarin Abul-Wafa ranar Alhamis. Ummu Shahat ta ce mini a hankali, da ya fita, idan aka hau da ita benen nan a kwance za a sauko da ita.

To, sai aka koma ga dawa. Wanda bai san mu ba zai ce me ye a ciki. A wajenmu gurasar dawa, battau, abincin shekarun wuya ne. Iyayenmu sun ci ta har ta ishe su, mai tauri, mai ɗacin hulba, kuma ranar da alkama ta wadata suka rantse 'ya'yansu ba za su ci ba. Yanzu dawa ta kaji ce da tattabaru. Da labari ya bazu cewa Ummu Shahat ta sayi buhun dawa don bakinta, sai ka ce tsirara aka gan ta a kasuwa. Hajja Fauƙiyya ta shigo ta tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Matar ƙanena, wadda ta ciyar da gari da farar gurasa, yau ita ke wasoso da kaji. Ki bari in kawo miki 'yar tsakuwa ki haɗa, an ce yana taimaka musu wajen niƙa."

Na ce mata ta fita kafin in manta da shekarunta. Ta fita tana cewa likitocin zamani da masu karatun sakandare su za su ƙarasa matar.

Mun yi duk abin da muka ga ya kamata. Injin niƙan garinmu alkama yake sha tun safe har yamma, don haka na sa maigidana ya kai dawar wani ƙauye inda ke da injin da ba ya taɓa alkama. Fayafayan katakon da take jera kwaɓi a kai duk dusar alkama ake barbaɗa musu, ta shiga kowane tsagi, muka jingine su muka sayo sababbi. Na wanke mata kwanuka da rariya da hannuna. Ta bar madara, ta bar ƙwai, tana shan shayi ba sukari tana yamutsa fuska kamar an ba ta maɗaci. Takan lallaɓa ta yi kwaɓin dawarta, ni in jefa mata a tanderu. Gurasar na fitowa da ɗan kumburi, ana iya ci.

Amma sauƙin bai zo ba. Yau ta ɗan ji dama, gobe ciki ya murɗe, yatsu su koma kamar rogo. Azumi ya wuce, Ƙaramar Sallah ta wuce, matar na nan jiya i yau. Mata suka fara shigowa suna zama suna girgiza kai, suna cewa ta ci gurasarta ta mutu da daɗin baki, tunda hanin bai amfana komai ba. Wata har ta tambaye ni, ba kunya ba tsoron Allah, ko Shahat zai sayar da babbar tukunyar tagulla idan ya rufe gidan.

Wata safiya na shiga da wuri, ban jira ta kira ni ba. Na tarar ta zuba garin dawa a kwano, ta jawo wani ɗan kasko mai murfi daga lungun da take ajiye shi, ta tsakuro abin da ke ciki ta narka a ruwa. Hamira ce, wato ragowar kwaɓi mai tsami da kowace mace ke ajiyewa don ya tayar da na gaba. Na sha ganin kaskon nan. Kowa ya san shi. Ban taɓa kawo komai a raina ba sai ranar.

Na tambaye ta da me take ciyar da ita. Ta dube ni kamar na tambayi sunan uwata.

"Da alkama mana. Hamira tana cin dawa ne?"

Na zauna daɓas a ƙasa. Na ce mata wata da watanni muna yawon injin niƙa, muna wanke rariya, tana shan shayi kamar guba, ashe kullum da hannunta take zuba alkamar a kwano. Ta ce in iya bakina, wannan ba alkama ba ce, hamira ce. Na ce da me aka yi ta, da ƙasa? Ta ce ɗan ƙanƙanin abin nan, wanda bai kai ƙwan tattabara ba, shi zai kayar da mace? Na ce likita ta ce ko ƙura. Muryata ta kai titi, na sani, don na ga kawuna a katanga.

Sai ta rufe kaskon ta rungume shi a ƙirji. Ta ce ranar da aka kawo ta gidan nan, uwarta ba ta da zinariyar da za ta ba ta. Wannan ta tsakuro daga nata ta ƙulle mata a tsumma, ita ma daga wajen uwarta ta samo. Ta ce ko ranar da Abul-Wafa ya rasu sai da ta tashi ta ciyar da ita. Rabin gidajen layin nan daga kaskon nan suka ɗebi tasu, har da ni mai ɗaga mata murya.

Gaskiya ta faɗa. Daga baya na ce mata ni ba zan ƙwace ba, amma ta zaɓa: ko kaskon, ko gidan. Na tashi na fita.

Ba ta neme ni ba ranar, ba ta neme ni ba washegari. Sai da la'asar ɗin rana ta uku na hango ta daga ƙofa, ta yafa baƙin mayafinta, tana dogara sanda, kaskon ƙulle a tsumma. Na bi ta a baya. Ban zaci inda za ta ba. Gidan Hajja Fauƙiyya ta shiga, ta ajiye mata shi a gaba. Ta ce duk layin nan babu mai gasa gurasa a kai a kai kamarta, kuma mai bakin da ba ya gajiya hannunta ma ba zai gaji ba. Hajja ta buɗe ta leƙa, ta rufe.

"Ba za ta kwana da yunwa a gidana ba, Ummu Shahat," in ji ta.

Daga nan aikin gaske ya fara. Dawa ba hamira, dutse ce. Tanderun ma muka bar shi, don ƙasansa ya sha garin alkama tun kafin a haifi Shahat. Ta sa aka sayo mata faffaɗan kaskon ƙarfe sabo, ta ɗora a murhu, ta ce tunda ba za ta kumbura ba, to ta yi siriri. Na farko da ta kwaɓa da ruwan sanyi ya wargaje tun kafin ya kai wuta. Na biyu ya kai wuta, ya fito kamar fasasshen tulu. Kajina sun yi ƙiba a makonnin nan, har maigidana yana tambaya ko biki za mu yi.

Ita ta gano bakin zaren, ba ni ba. Tana dama kunun dawa wata rana sai ta lura yadda garin ke kama jikinsa idan tafasasshen ruwa ya taɓa shi. Ta gwada: ruwa yana tafasa ta sheƙa a garin, ta juya da muciya, ta rufe ya huce. Kwaɓin ya haɗu, amma gefensa na tsagewa. Sai ta tuna da busasshiyar kuɓewar miya. Ta sa na daka mata ta yi laushi kamar kwalli, ta barbaɗa kaɗan a garin, da gishiri, da ɗan mai. Yauƙin nan ya riƙe shi.

Saura murzawa, ga yatsu ba sa lanƙwasuwa. Ta yanka leda biyu, ta sa curin kwaɓi a tsakani, ta ɗora gindin tukunya a kai, ta kwanta da nauyin jikinta duka. Da ta ɗaga, ga shi ya baje, zagaye, siriri. Ta ɓare ledar ta shimfiɗa a kasko mai zafi, ta juya da ya yi ɗigo-ɗigon ja, ta cire ta cusa cikin tawul don tururi ya tausasa shi.

Ina wanki na ji guɗa daga gidanta, guɗa sosai irin ta biki. Na diro da kumfa a hannu. Tana zaune a ƙasa, gurasa a hannunta, ta naɗe ta kamar tabarma ta warware, ta sake naɗewa.

"Duba 'yar banzar nan, Wafiyya. Ta rusuna."

Muka ɗebi wake da ita muka ci a wurin. Ba zan yi ƙarya in ce ta kai gurasar rana ba. Amma tana da ƙamshin gashi, tana ɗaukar miya, ba ta karyewa a hannu, kuma ta zauna a cikin matar lafiya lau.

Cikin ne ya fara lafawa. Daga nan fuskarta ta fara cikowa. Sandarewar safe da kan kai hantsi ta dawo ba ta wuce ta idar da salla ta sha shayi. Muka koma Suhaj, likita ta ji labarin hamira ta dafe kai, ta ce a ci gaba da magani, a fara dawo da ƙwai. Ƙwai ya zauna. Madara ta zauna. Tumatir ya tayar mata da gwiwa, ta ce dama ba ɗan'uwanta ba ne, ya tafi. Idan za ta gidan biki ko gaisuwa sai ta ƙulle gurasarta a tsumma ta tafi da abarta. Da farko an ji haushi, don a wajenmu ƙin cin gurasar mutum kamar ƙin gaisuwarsa ne. Sai ta riƙa gutsura tata tana miƙa wa matar gida, ta ce to ke ci tawa, gishirin ɗaya ne.

Duk wannan Shahat bai yarda ba. A waya tana ce masa ta warke, shi kuma ya san uwarsa, ko tana bakin kabari haka za ta ce. Ana jibi Sallah, da hantsi, sai ga shi da motar ɗaukar kaya ta aro, bayanta cike da kwalaye da igiya. Mutanen layi suka fito. Hajja Fauƙiyya ta iso tana haki, ni kuwa dama ina ciki.

Ya tarar da ita a tsakar gida gaban murhu, wutar da ta hura da kanta tana ci, ɗankwali ɗaure tamau, tana danna tukunya a kan leda. Ya tsaya yana kallo. Ya gaishe ta, ya sumbaci kanta, sannan ya ce ya ga ta yi ƙoƙari, amma shi ya san halin matan layin nan, sun iya shirya wa baƙo kallo. Wa ya sani ko Wafiyya ce ta hura wutar ta ɗaura mata ɗankwalin? Ya ce ta nuna masa hannuwanta.

Ta ce ya matso. Ya durƙusa a gabanta yana miƙo hannu zai karɓi nata. Sai ta kama kunnensa da yatsun nan, ta murɗe kamar yadda take masa yana yaro idan ya saci rake, ta ja shi har goshinsa ya kusa taɓa gwiwarta. Ƙato da gemu, uban 'ya'ya, yana cewa Umma ki yi haƙuri, Umma zai cire.

"Ya ka ji yatsun, ɗan Abul-Wafa? Ko in gwada ɗaya hannun?"

Tsakar gida ta kaure da dariya. Hajja Fauƙiyya, wadda nake jiran ta goya masa baya, ta ce ya kwashe kwalayensa ya ba mutane wuri, gidan ƙanenta ba a sa masa kwaɗo tana raye. Shahat ya zauna a ƙasa yana murza kunne, yana dariya, hawaye na zuba. Uwarsa ta zaro gurasa mai zafi daga tawul, ta zuba wake da mai, ta naɗe ta danƙa masa. Ya ci, ya miƙa hannu ta ƙara masa. Hajja ma ta karɓi guda, ta tauna ta tauna, ta ce ba laifi, kaji sun san abin da suke yi.

Bayan Sallah motar ta koma Alƙahira da kwalayenta babu komai a ciki, sai guda ɗaya da aka cika da gurasar dawa da soyayyun tattabaru.

Yatsunta biyu na hagu sun karkace, ba za su miƙe ba. Maganinta tana sha. Tanderun na nan a tsakar gida a rufe, ta hana a rushe, kyanwa ke kwana a kai. Ranar da Hajja Fauƙiyya ke gashi, iska kan kawo ƙamshin har layinmu, sai in ga Ummu Shahat ta fito ƙofa ta tsaya tana shaƙa, ta ce hamirar uwarta ce, ta gane ta. Ta ɗan jima, sannan ta koma ciki ta ɗora ruwa a wuta.

Yanzu mata daga ƙauyukan kusa suna zuwa da 'ya'yansu waɗanda likita ya hana alkama, su zauna gefenta da ledarsu da tukunyarsu, tana zaginsu tana nuna musu. Wadda ta tambaye ni tukunyar tagulla ma ta zo da jikarta. Na bar ta ta shiga, don yarinyar ba ta yi mini komai ba. Amma sai da na tsayar da ita a ƙofa na nuna mata tukunyar a inda take.